Garken da ke cikin kwali

A Dakoro, kamar a sauran garuruwan jahar Maradi, idan aka ce karta to belot ake nufi: mutum huɗu, kati 32, shayi na tafasa a gefe, gardama kuma ba ta yankewa sai ladan ya kira salla. Dattawa ba su taɓa sakin jiki da ita ba, domin a kunnensu karta da caca uwa ɗaya uba ɗaya suke. Saboda haka da wani malamin lissafi ya fara shimfiɗa wasu katuna masu zanen kurmi da dodanni a fadarsu, cikin shekarar 2022, tambayar farko da aka yi masa ita ce nawa ake zubawa. Ko dala ba a zubawa. Sai da aka yi watanni kafin unguwa ta yarda da haka.

Ƙanensa da ke karatu a Faransa ne ya zo masa da kwalaye huɗu na wasan Magic: The Gathering, wanda wani masanin lissafi Ba'amurke, Richard Garfield, ya ƙirƙira, kamfanin Wizards of the Coast kuma ya fitar a 1993. Bambancinsa da belot shi ne kowa na zuwa da nasa damin katuna, shi ya zaɓa, shi ya ɗaure. A salon da ake kira Commander, dami kati 100 ne cif, ba a maimaita kati in ban da katunan ƙasa na asali, kowa na farawa da rai 40, galibi kuma mutum huɗu ke zama, kowa na ta kansa. Kati ɗaya daga cikin ɗarin shi ne jagora, yana zaune a fili tun farkon wasa.

Malamin ya raba uku ga abokansa, ya riƙe wanda ya fito a 2021 da jagora mai suna Lathril. Damin elf ne, wato waɗansu halittu na tatsuniyoyin Turawan arewa, masu siffar mutane da tsinin kunne, mazauna daji. Ƴan fada ba su wahalar da harshensu ba, suka ce aljanun kurmi, sunan kuma ya bi su.

Abin da ya ja hankalinsa ga aljanun nan shi ne yadda suke yaɗuwa. A wasan, ba a ajiye kati sai an biya shi da ƙarfi, ƙarfin kuma daga katunan ƙasa yake fitowa, ɗaya a kowane zagaye. Amma ƙaramin aljani irin Llanowar Elves, wanda ke cikin wasan tun 1993, shi da kansa yana ba da ƙarfi kamar ƙasa. Elvish Archdruid kuwa yana ba da ƙarfi gwargwadon yawan aljanun da mutum ke da su a fili. Ɗaya ya biya biyu, biyu su biya biyar. Kafin abokan wasa su gama gyara zama, tabarmarsa ta cika. Lathril kuma, idan ta sami aljanu goma a bayanta, tana iya rage wa kowane abokin gaba rai 10 a bugu guda. Ɗan dillalin dabbobi ne shi, a kasuwar shanu ya tashi. Bai buƙaci a faɗa masa cewa abin da ke gabansa garke ne ba.

Sai dai ya daɗe bai ci wasa ba. Dalili biyu ne, kuma ya jima yana ganin ɗaya kawai. Na farko, a zaman mutum huɗu wanda ya fara yin ƙiba shi ake yi wa taron dangi. Na biyu, a cikin damin ɗaya daga abokansa akwai wani tsohon kati na 1993 da ke kashe duk wata halitta da ke fili, a kan ƙarfi huɗu kacal. Sunan da ke rubuce a kansa ya yi wa bakin Musulmi nauyi, don haka a fadar Fari ake ce masa. Malamin kan zazzage duk abin da ke hannunsa zuwa zagaye na biyar, Fari ya sauka, ya zauna hannu wayam yana kallon sauran ukun har wasa ya tashi.

Gyaransa na farko irin na kowa ne: ƙari. Ya nemo sunayen aljanu mafi ƙarfi a intanet, ya buga hotunansu a shagon fotokofi, ya yanka ya zura cikin leda, abin da masu wasan nishaɗi a ko'ina suka saba yi in abokan zama sun yarda. Ya ƙara Priest of Titania ta 1998, ya rage katunan ƙasa don ya sami wuri. Garken ya ƙara saurin yaɗuwa, Fari kuma ya ƙara samun abin ci.

Wani tsohon Bafillace, aminin marigayi mahaifinsa, kan sauka gidansu idan ya shigo gari daga wajen Bermo. Wata rana ya zauna yana kallon wasan, aka yi masa bayani sama-sama. Da ya ga an share filin, bai tambayi sunan katin ba.

"Yaro, duka ka fito da su?"

"Duka, Baffa."

"Ba ka bar ko ɗaya wajen wani ba?"

Nan maganar ta tsaya, domin tsohon ya tashi alwala. Amma duk wanda ya girma a Dakoro ya san abin da ke ƙarƙashinta. Garin na kusa da gulbin Tarka, inda dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa. Daga nan zuwa sama ƙasar makiyaya ce, ƙasar da arziki ke tafiya da ƙafa huɗu kuma yana iya kwanciya cikin rani ɗaya. Mahaifin malamin ya rasa kusan duk abin da ya mallaka a farin 1984, wanda mutanen Maradi ke kira El Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Shi kansa malamin ya ga 2005, ya kuma ga 2010, lokacin da aka riƙa sayen shanun da suka rame ana yankawa ana raba nama kafin su mutu a banza. Makiyayan da suka tashi bayan waɗannan shekaru ba lalle ne masu mafi yawan shanu ba. Su ne waɗanda suka sayar da wuri suka sayi hatsi da dusa, da waɗanda suka rarraba garke, da waɗanda ke da saniyar habbanaye a hannun wani: karsanar da ake ba ɗan'uwa aro, ya riƙe ƴaƴan da ta haifa, ya mayar da uwar.

Ba daidai ba ne a auna yunwa da wasan kwali, shi ma bai auna ba. Ya dai lura cewa ilmin da gidansu ya saya da tsada yana ajiye a kansa, bai taɓa tunanin zai yi aiki a kan tabarma ba.

Sai ya koma ga alli. Cikin katuna 99 da ake cakuɗawa, biyu ne kawai ke iya taimakonsa bayan Fari ko kafinsa. Zuwa zagaye na biyar mutum ya ga kati 12. Damar samun ɗaya daga cikin biyun ba ta kai ɗaya cikin huɗu ba. In ya mai da su takwas, damar ta zama kusan biyu cikin uku. Wato dole kati shida su fita, kuma duk aljanu ne, wasunsu ma don kyan zanensu yake riƙe da su. Wannan ne ya fi ɗaukar masa lokaci. Ƙara kati ba wuya. Cire wanda aka saba da shi ne ke da ciwo, kamar kai tsohuwar saniya kasuwa.

A gurbinsu ya sa Heroic Intervention, wanda a kan ƙarfi biyu yake kare duk abin da mai shi ke da shi a fili na zagaye ɗaya, amma sai mutum ya daure ya bar ƙarfin nan biyu bai kashe ba. Ya sa Skullclamp, wani ƙarfe na 2004 da ake ɗaura wa ƙaramin aljani ya mutu nan take, mai shi ya ja kati biyu: sayar da ramammiya ke nan a cika rumbu. Ya mayar da katunan ƙasar da ya cire. Abin da ba a rubuta a kan kowane kati ba shi ne ya koyi tsayawa a aljani biyar ko shida, sauran na hannu, fuskarsa kamar ta wanda ba shi da komi. Taron dangin sai ya koma kan wani.

Kati ɗaya ne har yanzu ake gardama a kansa a fadar, Patriarch's Bidding na 2002. Idan aka ajiye shi, kowane ɗan wasa na zaɓen jinsin halitta ɗaya, duk matattun wannan jinsi su dawo fili, na kowa da kowa. Ga mai damin aljanu, garke ne guda ke tashi daga kabari. Amma abokin da ke da dodanni ma nasa na tashi, kuma sau biyu dodannin da malamin ya farfaɗo da hannunsa su ne suka gama da shi. Akwai katunan da ke mayar wa mai su kaɗai da abin da ya rasa. Ƙanensa ya aiko masa da sunayensu ta WhatsApp, har da farashi a kuɗin Turai. Abokan wasan ma, waɗanda katin ke amfana, sun ce masa, "Mushe, cire wannan, yana kashe ka."

Ya cire shi sau ɗaya, na mako guda. Ranar Juma'ar da ta biyo baya, da aka zo ƙirga katuna kafin wasa, aka tarar ya koma wurinsa, wani aljani mai kyan zane ne ya fita.