Makin Ɗan Wasa: Aiki ko Sa'a?

Mu masu sha'awar ƙwallon Amurka mun saba auna gwani da yawan yadin da ya ci. Shi kuwa kamfanin Pro Football Focus kowane motsi yake dubawa, ya ba shi maki daga -2 zuwa +2, sannan ya mayar da jimillar bisa ma'aunin 0 zuwa 100. In mai jifa ya aika ƙwallo daidai, ta suɓuce wa abokinsa, yabo zai samu. In ya jefa wa abokan karawa suka kasa cafewa, a rage masa. Ta haka muka koyi rarrabe aiki da sa'a. Sai dai mai ba da makin hoto yake kallo, bai ji umarnin koci ba. Don haka mukan karɓi hukuncinsa da taka-tsantsan.