Mutum-mutumi: Daga Fadamar Bagudo Zuwa Fadar Abome

Yau hirarmu a kan mutum-mutumi take. Ina roƙon a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci, don na san da zarar an ambaci siffar mutum, wani zai ce an shiga gonar malamai.

Bahaushe idan ya ga abu ya ɗauko kamannin wani amma bai kai shi ba, sai ya ninka sunan. Haka ake cewa ja-ja ko fari-fari, haka kuma aka samu mutum-mutumi. Turawan Ingila suna ce masa effigy, kalmar da ta shiga harshensu a ƙarni na 16 daga Latin, daga tushen da ke nufin mulmula abu da hannu a fitar da siffa. A Faransanci, harshen hukuma a Jamhuriyar Benin, ana cewa effigie, kuma har kan sarki ko shugaba da aka buga a jikin kuɗi haka ake kiransa. Mu kuma sunan namu ya faɗaɗa, har na'urar nan mai tafiya da magana da ake ƙerawa a Japan da Sin, mutum-mutumi gidajen rediyo ke ce mata.

Wanda muka fi sani a ƙasar Bagudo shi ne na gona. Duk wanda ya bi fadamun bakin Kwara ta wajen Illo da Lolo lokacin da shinkafa ta fitar da kai ya gan shi. Sanda biyu a gicciye, tsohuwar riga da aka cusa wa tattaka, yagaggiyar malfa a ka, sai ledoji a hannuwa suna kaɗawa idan iska ta taso. An kafa shi ne don jan-baki, tsuntsun nan da ke sauka dubbai lokaci guda ya sussuke wahalar damina. Amma kowane manomi ya san iyakar amfaninsa. Kwana kaɗan tsuntsayen ke shakkarsa, daga nan sai ka ga sun sauka a kan malfar suna hutawa. Shi ya sa ake sauya masa wuri da riga, ake ja igiya a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, yara kuma su wuni da majajjawa suna ihu har muryarsu ta dishe. Mai tsaron gonar na gaskiya shi ne yaron nan da ke cikin rana. Kama da wane ba ta wane.

Ku biyo ni kasuwar kan iyakarmu da Benin, Lolo ko Tsamiya, mu tsaya gaban ɗan canji. A hannu ɗaya naira, a ɗayan sefa. Naira cike take da fuskoki: Tafawa Ɓalewa a kan biyar, Murtala Muhammed a kan ashirin, Awolowo a kan ɗari, Sardauna a kan ɗari biyu, Azikiwe a kan ɗari biyar. Murtala ne ɗan Najeriya na farko da aka sa wa suna da hoto a takardar kuɗi, a 1977, shekara guda bayan kashe shi. Juya sefa kuwa, ba za ka ga shugaba ko ɗaya ba. Dorina ce a bayan ɗari biyar, raƙuma a bayan jika guda, kifi a bayan jika biyu, tsuntsaye a bayan jika goma. Kuɗin na ƙasashe takwas ne, to fuskar wa za a sa a bar ta wa? Ko ba komai wannan ya nuna mana cewa hukumomi ba su ɗauki siffar mutum da wasa ba. Sa ta magana ce, barinta ma magana ce.

Mutanen Benin sun fi mu sanin haka. A 1892 sojojin Faransa ƙarƙashin Alfred Dodds suka ci birnin Abome, fadar sarakunan Dahome, suka kwashe kayan sarauta. A ciki har da manyan sassaƙe uku na katako, rabi mutum rabi dabba: na Sarki Gezo mai siffar tsuntsu, na Gilele mai kan zaki, da na Behanzin mai siffar babban kifin teku. Fiye da shekara 120 suna Faris. Sai a watan Nuwamban 2021 aka dawo da kaya 26, jama'a suka yi ta tururuwa a Kwatano don su gan su. Wanda ya ɗauke ya san ba katako kawai ya ɗauke ba, wanda ya yi ta neman a dawo da su ma ya sani. A 2022 kuma gwamnatin ƙasar ta kafa mutum-mutumin mayaƙiyar Dahome mai tsayin mita 30 a Kwatano, da na Biyo Gera, jarumin Bargu da ya yi wa Faransawa tawaye aka kashe shi a 1916. Wannan na biyun ya shafe mu, domin Illo ma ƙasar Bargu ce kafin yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba yankin gida biyu.

Yadda ake girmama mutum ta siffarsa, haka ake wulaƙanta shi ta siffarsa. A 1605 aka kama wani Gay Foks da gangunan albarushi a ƙarƙashin majalisar dokokin Ingila, yana shirin tayar da ita da Sarki Jemis na Ɗaya a ciki. Har yau duk ranar 5 ga Nuwamba ana ɗinka mutum-mutuminsa a cinna masa wuta. A Faransa ta dā, idan mai laifi ya tsere, kotu kan sa a rataye hotonsa a bainar jama'a. Mu ma mun kalli yadda aka tumɓuke mutum-mutumin Saddam a Bagadaza ranar 9 ga Afrilun 2003, mutane na dukansa da takalmi. Hausawa na zargin wanda ya bar jaki yake dukan taiki, amma a nan ni ina ganin gara taikin ya sha duka, tunda shi ba ya zubar da jini.

Ta fuskar addini, ba kowane mutum-mutumi ne gunki ba. Gunki shi ne abin da aka rusuna wa ana neman biyan buƙata a wurinsa, irin Tsumburbura da Barbushe ke yi wa hidima a dutsen Dala, ko gumaka 360 da Manzon Allah (SAW) ya rushe a Ka'aba ranar buɗe Makka. A ɗaya gefen, ya tabbata cewa Nana A'isha (RA) ta yi wasa da 'yan tsana tana ƙarama. Hukuncin sassaƙa da zane da hoto kuwa na malamai ne, a je a tambaye su. Abin da nake ja hankali a kai shi ne, sanda da tsumma da katako ba su da ikon komai sai wanda zuciyar mai kallo ta ba su.

A nan ne maganar ta zo gida. Mu ba ma kafa mutum-mutumin shugabanni a mararraba, amma muna da fasta. Da kakar zaɓe ta kama, babu bangon da ke tsira daga Bagudo zuwa Ka'oje, har jikin bishiya da bayan babur. Wani ya yaga ta wani, a fito da gora da adda, a kai ɗan mutane asibiti. Masu fuskokin kuwa, ana gama zaɓe za ka gan su a ɗaurin aure guda suna musabaha suna dariya. Sa'annan ga waɗanda hotonsu ya fi aikinsu yawa: allo ya kai girman ɗaki, amma rijiyar da aka rubuta a jikinsa ba ta kawo ruwa.

Don haka 'yan uwa matasa, idan an yaga fastar gwaninku, a liƙa wata, takarda ce. Kada wanda ya ɗaga wa ɗan uwansa makami saboda ita. Idan kuma mai neman ƙuri'a ya aiko da hotonsa, a ce masa an gani, amma ya zo da kansa ya faɗi abin da ya yi wa hanya da makaranta da maganin jan-baki. Allah Ya ba mu damina mai albarka da shugabanni na gari. Wanda ya san wani sunan da ake kiran mutum-mutumi da Dandanci, Busanci ko Fulatanci, ya taimaka ya rubuta mana a ƙasa mu ƙaru.