Tsonga: Harshen Da Iyaka Ta Raba Gida Biyu

Da yawanmu mun san mawaƙiya Sho Madjozi, wadda ta ci kyautar BET a 2019, amma kaɗan ne a cikinmu suka san harshen da ta tashi da shi. Sunansa Tsonga, masu shi kuma suna ce masa Xitsonga.

Harshen Bantu ne, ɗan uwan Ronga da Tswa. Ana jin sa a lardunan Limpopo da Mpumalanga na Afirka ta Kudu, da kudancin Mozambik, da kudu maso gabashin Zimbabuwe. Ƙidayar 2011 ta nuna mutum kusan miliyan 2.3 ne suka tashi da shi a Afirka ta Kudu kaɗai, inda yake cikin harsunan hukuma, har da gidan rediyonsa, Munghana Lonene FM. Wasu na kiran mutanen Shangaan, daga sunan Soshangane, jarumin da ya kafa daular Gaza a ƙarni na 19. Shi ya sa ba kowane ɗan Tsonga ne ke amsa wannan suna ba.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne rikicin ƙyamar baƙi na watan Mayun 2008. Mutum 62 aka kashe, 21 daga cikinsu kuwa 'yan Afirka ta Kudu ne. A wasu unguwanni tare mutum ake yi a ce ya faɗi sunan gwiwar hannu da Zulanci, in ya kasa, shi ke nan ya zama baƙo. Masu jin Tsonga sun sha wannan wulaƙanci, domin harshensu ɗaya da 'yan ci-ranin Mozambik, alhali kakanninsu na nan tun kafin Turawa su ja layin iyaka.

Mu da iyaka ta raba tsakanin Katsina da Maraɗi, ai labarin ba baƙonmu ba ne. Sau nawa muka ji mai gadi ko mai shayi ya yi magana, muka kwaikwayi Hausarsa muna dariya, muka ce "ɗan Nijar ne"? A wurinmu raha ce. To, can ma da kunne aka fara tantance ɗan gida da baƙo, kafin a kai ga ɗaukar makami.

Mu kula da bakinmu. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.