Neman Gonar Murjani a Tsibirin Zanzibar

Bahaushe ya san murjani tun kaka da kakanni, amma a wuyan amarya ya san shi, jan dutse da fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi daga Bahar Rum. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tunanin cewa wannan abin ado halitta ce mai rai, wadda danginta ke gina gidaje a ƙarƙashin teku har su zama unguwanni. Son ganin waɗannan unguwanni da idona ne ya sa na keɓe kwana shida na hutuna a Zanzibar, tsibirin da ke Tekun Indiya daura da gaɓar Tanzaniya.

Kayan aikin ba su da yawa: gilashin da ke rufe ido da hanci, da bututun numfashi wanda bakinsa ke saman ruwa, da takalman roba masu kama da ƙafar agwagwa. Mutum ya kwanta rub-da-ciki bisa ruwa, yana numfashi yana leƙen ƙasa. Wahalar duk tana wajen sanin inda za a leƙa, domin teku faɗi gare ta, kuma mafi yawan gindinta rairayi ne fetal.

Matambayi ba ya ɓata. Wani dattijon masunci a ƙauyen Matemwe, wanda muka yi ta haɗa Larabcina da Ingilishin jikansa kafin mu fahimci juna, shi ya karantar da ni abu uku. Na farko iska. Daga Disamba zuwa Maris iskar da suke kira Kaskazi ke busowa daga arewa maso gabas, daga Yuni zuwa Satumba kuma Kusi ke tasowa daga kudu. Gefen da tsibiri ya kare daga iska, nan ruwa ke kwanciya ya yi garau. Na biyu cika da janyewar teku, sau biyu kowace rana. A gabashin tsibirin ruwa kan janye nesa ƙwarai, har mata su shiga gonakinsu na ciyawar teku da ƙafa, wanda ya zo iyo a wannan lokaci sai ya koma da yashi. Na uku damina: ruwan saman Afrilu da Mayu kan gurɓata teku.

Da wannan ilimi na nufi Mnemba, wurin da kowane mai jirgi ke yi wa baƙo tallarsa. Alal haƙiƙa kifi na nan launi-launi, shuɗi da ɗorawa da mai zāne kamar saƙi. Sai dai kafin hantsi jirage sun yi cincirindo, na kuma ga inda murjanin ya karye ya yi toka-toka, kamar kangon gari bayan gobara. Zafin teku na shekarar 1998 ya kashe murjani mai yawa a wannan yanki, saboda idan ruwa ya ɗumama, halittar kan fitar da ƙananan tsirran da ke zaune a jikinta suna ciyar da ita, sai ta yi fari ta mutu. Abin da zafi ya bari, ƙarfen tsayar da jirgi da tafin ƙafar baƙi na ƙarasawa.

A Chumbe, wani ɗan tsibiri kudu da birnin Zanzibar, na ga bambanci. Tun 1994 aka haramta kamun kifi a gefensa na yamma, aka ƙayyade yawan masu ziyara, aka ɗauki tsofaffin masunta su zama masu gadi. Akwai murjani fiye da iri 200 a wurin: wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwa. Na yi kusan sa'a guda ina shawagi, ba na jin komai sai numfashina.

Mai karatu, in Allah ya kai ka irin wannan tsibiri, ka tambayi masunta labarin iska da ruwa, sa'an nan ka tambayi inda aka hana taɓawa, domin can ne abin kallo ya saura. In ka shiga, ka tattara hannunka da ƙafarka. Reshen da dunduniya za ta karya cikin ƙiftawar ido, shekaru ya yi yana tsiro.