Mai Rushe Zauren Kaka

Sai da zauren kakanmu ya tsage daga sama har ƙasa muka gane cewa rushe gini ma sana'a ce mai masu ita. Gidan yana Jimeta, a gangaren Binuwai, kuma tun ambaliyar 2012, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, gindin katangar ya fara cin gishiri. Ta 2022 ita ta ƙarasa shi. Da a fili yake shi kaɗai, da mun bar wa damina aikinta. Amma bangonsa na gabas shi ne bangon ɗakin da jikokin maƙwabcinmu suke kwana.

Mun fara da leburorin da ke zama bakin titi da diga da shebur, suka ce kafin la'asar sun gama. Ko ɗaya bai tambayi abin da ke bayan bangon ba. Daga nan aka haɗa mu da wani mai katafila, ya zo da mota mai baƙin gilashi, ya yanka kuɗi tun bai fito ba. Da muka nuna masa lungunmu, wanda amalanke ma da dabara take shiga, sai ya ce a fasa katangar mutane a biya su daga baya. Mu da muka share shekaru muna koya wa ɗalibai tarke da warwarar nassi, sai ga shi mun kasa tantance wa zai warware mana ɗaki guda.

Mahaifiyarmu ce ta ce mu nemi wani tsohon magini a cikin garin Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, inda har yau ba a rasa waɗanda suka san ginin ƙasa. Ya zo bisa keke. Bai yi maganar kuɗi ba sai da ya zagaya gidan sau biyu, ya yi sallama ya shiga ɗakin maƙwabci, ya ƙwanƙwasa bango yana saurare kamar likita.

“Dakta,” in ji shi, “wa ya fara gini, kakanka ko nasu?”

Muka ce, “Baba, ba mu sani ba.”

“To azara ta sani. Tasu a kan bangonku take zaune.”

Sharuɗɗansa suka biyo baya: a sanar da mai unguwa, a nemi izinin hukumar tsara birane, a cire wayar lantarki, a kwashe yaran na mako guda, a tokare rufin maƙwabci kafin a taɓa komai. Ya ƙi jinga, ya ce mai jinga gaggawa yake yi, a biya shi kullum. Kuɗinsa ya ɗara na leburori nesa, mun kuwa yi ƙorafi, ba mu ɓoye ba.

Daga sama ya fara. Kwano, sa'an nan azara ɗaya bayan ɗaya, yaransa suna yayyafa ruwa saboda ƙura. Bangon gabas ya bar shi tsaye, ya yi masa sabon gindi. Tsohuwar ƙasar ma ya hana tifa ta kwashe, wai ta fi sabuwa daɗin kwaɓi.

Ran kwana na shida ya miƙo wa mahaifiyarmu wani ɗan allo da ya tsinta a saƙale tsakanin azara, rubutun ya dushe. Ta karɓa, ta goge shi da gefen mayafinta, ta shige ɗaki.