Amurum: Dajin Da Tsuntsaye Ke Koyar Da Ɗalibai

Idan aka ce jami'a, abin da ke fara zuwa zuciyar yawancinmu shi ne dogayen gine-gine da cunkoson ɗalibai a ƙofar ɗakin lacca. To amma Jami'ar Jos tana da wani reshe da ba haka yake ba. Yana cikin dajin Amurum, kusa da ƙauyen Laminga a Ƙaramar Hukumar Jos ta Gabas, kimanin kilomita 15 daga birnin Jos. Sunansa Cibiyar Binciken Tsuntsaye ta A.P. Leventis, ana taƙaita shi da APLORI. An kafa cibiyar a shekarar 2001 da haɗin gwiwar jami'ar, da attajirin da aka sa mata sunansa, da Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, da kuma mutanen Laminga masu dajin. A nan ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma ke yin digiri na biyu a fannin kare halittu.

Mun je can mu ayari guda, kowa da fanninsa: masu karatun kimiyyar halittu, masu nazarin harsuna, da masu koyon zane. Dajin ba shi da wani girma, faɗinsa bai wuce hekta 300 ba, amma an ƙidaya nau'in tsuntsaye sama da 300 a cikinsa. Dalili kuwa shi ne wuri uku ne a haɗe. Akwai manyan duwatsu da suka hau kan juna, akwai fili mai ciyawa da gajerun itatuwa, sannan akwai kurmi mai duhu a bakin rafi. Kowane da irin tsuntsayen da ke son sa.

Aiki a Amurum da asuba ake fara shi, cikin sanyin Filato mai sa haƙora kaɗawa. Masu bincike kan kafa wata raga mai laushi tsakanin sanduna. Tsuntsun da ya faɗa ciki sai a ciro shi a hankali, a auna nauyinsa da tsawon fiffikensa, a sa masa ɗan zobe mai lamba a ƙafa, a rubuta, a sake shi. Wasu daga cikinsu baƙi ne daga Turai. Sukan ƙetare Hamadar Sahara su zo mana idan hunturun can ya gabato, su koma kafin daminarmu ta kankama. Da wannan zobe ake gane wanda ya dawo baɗi.

Labarin da ya fi tsaya mana a rai na wasu ƙananan tsuntsaye biyu ne. Na farko ɗan mitsitsi ne mai jan baya, mazaunin duwatsu. Masana ba su san shi a matsayin nau'i mai zaman kansa ba sai a 1998, lokacin da Robert Payne na Jami'ar Michigan ta Amurka ya bayyana shi. Na biyu kuwa, wanda namijinsa baƙi ne mai sheƙi, ba ya gina sheƙa sam. Macen takan saci jiki ta saka ƙwanta a sheƙar mai jan baya, shi kuma ya ƙyanƙyashe ya rena. Ɗan da ya tashi a gidan aro sai ya koyi kukan masu renonsa. Idan ya girma da wannan kuka yake neman mata, ita ma macen wanda ke yin kukan gidan da ta tashi take zaɓa. Sauraron wannan kuka na aro yana cikin abin da ya taimaka aka gane cewa mai jan baya daban yake da danginsa.

A nan ne kowa a ayarinmu ya ga inda karatunsa ya shigo. Masu nazarin harsuna suka ce ai wannan darasinsu ne, domin yaro harshen gidan da ya tashi yake kamawa. Masu zane suka zauna kan dutse da fensir, suka nuna mana cewa wanda zai zana tsuntsu dole ya lura da launin bakinsa da tsawon jelarsa, abubuwan da ake bambance nau'i da su ke nan. Masu kimiyya kuma suka riƙe alƙaluma da ma'auni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai Amurum tamkar tsibiri yake a tsakiyar gonaki da gidaje. Buƙatar itacen girki, da kiwo, da wutar daji lokacin rani duk suna matsa wa irin waɗannan dazuzzuka lamba. Masu saran itacen ba mugunta ce ke kai su ba, tuwon dare suke nema. Saboda haka kare daji ba ya yiwuwa sai da yardar mutanen da ke kewaye da shi, kuma samun yardarsu sai an san harshensu da tarihinsu.

Akwai kuma wata asarar da ba a cika lura da ita ba, wato ta sunaye. Kakanninmu sun san zuwan shamuwa albishir ne na damina. Sun san burtu, wanda maharba ke ɗaura siffar kansa a goshi don su kusanci namun daji. Sun san carki mai cire wa shanu kaska. Yau ɗalibai nawa ne a ajinku za su iya bambance hasbiya da kurciya?

'Yan uwa ɗalibai, ba sai kun je Jos za ku fara ba. Ku ware ƙaramin littafi guda. Duk tsuntsun da kuka gani a harabar makaranta ko a gona, ku rubuta rana da wuri, ku zana shi gwargwadon iyawarku, sannan ku tambayi wani dattijo sunansa da karin magana ko tatsuniyar da ke tattare da shi. Kafin ƙarshen zango, ku haɗa littattafanku ku ga nau'i nawa ajinku ya samu, sa'annan ku sake ƙirgawa idan damina ta sauka.