Garmar Kaka da Garmar Jika

'Ya'yana, akwai maganar da ba ta tsufa a majalisun Gwarzo da Kabo. Da zarar bakin fartanya ya lanƙwashe, ko bokitin roba ya tsage, ko sabuwar tocila ta mutu tun ba a yi sati da ita ba, sai wani ya girgiza kai ya ce, "Allah ya jiƙan kayan da." Sauran su amsa da amin. Ku kuma samari kun kasu biyu. Wasunku sun haddace maganar suna maimaitawa alhali ba su taɓa riƙe kayan ba, wasu kuwa suna ganin mita ce irin ta tsofaffi. Na yi huɗa da garmar hannu, na bi shanu, na kwana a soron ƙasa, na kwana a ƙarƙashin rufin kwano. Ku ba ni aron hankalinku in gaya muku abin da na gani.

Mu fara da maƙera, tunda nan aka fi kafa hujja. Maƙerin da yakan dubi mai garma kafin ya dubi ƙarfe. Zai ga tsayinka, ya ga kaurin damtsenka, ya tambaye ka gonar jigawa ce ko laka. Yaro na kan zugazugi, gawayin ƙirya ya yi jawur, a ciro ƙarfe da awartaki a aza kan uwar maƙera, masaba na sauka ana juyawa har baki ya yi faɗin da ake so. Daga launin ƙarfen kaɗai yake gane lokacin tsoma shi a ruwa. In ya yi gaggawa bakin ya riƙa ɓantarewa, in ya yi jinkiri ya riƙa naɗewa. Garmar da ta fito daga hannun irin wannan gwani takan shekara da shekaru, in ta cinye a mayar masa ya ƙara mata baki. Duk wannan gaskiya ne, ba na rage masa komai.

Amma ku tambayi kanku, ƙarfen daga ina? Kakannin kakanninmu tama suke haƙowa, su sare itace, su ƙona gawayi, su gina murhu mai tsayi, su kwana suna ba shi wuta, sannan a fito da curi ɗaya wanda kashin maƙera ya cakuɗe da shi, a yi ta duka kafin ya tsarkaka. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, bayansa motoci suka biyo, guntayen ƙarfe suka yawaita a kasuwa. Ba wanda ya tilasta wa maƙera barin tama. Su da kansu suka gwada, suka ga ƙarfen dogo da sifirin mota sun fi tauri, sun fi riƙe kaifi, kuma ba sai an share daji ba. Garmar nan da ake cewa ta kaka ce, wadda ake yabo a majalisa, sau da yawa sifirin tsohuwar mota ce ta bi ta hannun maƙerin da ya san aikinsa. Ƙarfen na zamani ne. Abin da yake na da shi ne hannun, da haƙurin da ya koyar da hannun.

Sai gini, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin nan ne ido ya fi ruɗar mutum. Wanda ya shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya ɗaga kai ya ga yadda bakan gizo ya haɗu da bakan gizo, dole ya jinjina. Haka Gidan Makama a Kano. Azara ba ta ɗaukar tazara mai faɗi, da ƙyar take wuce mita 2 ba tare da ta ranƙwafa ba, amma magina suka gano yadda za a riƙa ɗora ta hawa-hawa ana ɗaurewa ana yaɓewa har a rufe ɗaki mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. Wannan ilimi ne, ko da ba a rubuta shi a takarda ba. Na ga yadda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta ruɓe, a sake ba ta ruwa a sake tattakewa, kafin a mulmula tubali a shanya. Na ga ana jiƙa makuba, ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a shafe bango da ita don ruwa ya zame. Masu hali kuma su sa a haɗa musu laso da katsin marina da gashin jima da dafara. Soron da aka yi wa wannan hidima, da tsakar ranar bazara kana shiga sai ka ji sanyi ya ratsa ka, da hunturu kuma ɗumi. Ɗakin bulo da kwano bai kama ƙafarsa ba ta wannan fuska, kuma duk wanda ya yi azumi a watan Afrilu a ƙarƙashin kwano shaida ne.

To, sai dai abin da ido ke gani yau shi ne abin da ya tsira. Gidan sarki ya tsira, masallaci ya tsira, zauren attajiri ya tsira, saboda gwanaye aka kira, aka ba su lokaci da kayan aiki, kuma kowace shekara kafin damina akwai masu yaɓe da masu gyaran indararo. Ina dubban ɗakunan talakawa da aka gina a shekarar da aka gina waɗancan? Sun koma ƙasar da aka ɗebo su. A tsofaffin garuruwa irin su Getso da Godiya da Ƙaraye, ku lura da tudun da ke bayan gari da kufai, gidaje ne a da. Mu da muka tashi a ciki mun san fargabar marka a watan Agusta, lokacin da ruwa zai kwana yana zuba, uwa ta ƙi barci tana kasa kunne ga bango, ana tara ƙwarya a inda rufi ke yoyo. Mun san katangar da ta faɗa wa mutane cikin dare. Wanda ya ɗauki aikin Babban Gwani ya auna shi da bulon ɗan kwangila mai ha'inci bai yi adalci ba, domin ya ɗauko mafi kyawun jiya ya jera shi da mafi munin yau.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi a majalisar maza ba: wa ya ɗauki wahalar? Bajamushen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya yi mamakin tufafinmu, ya ga ana kai su har Tambutu da Tarabulus. Marinar Ƙofar Mata da turkuɗin Kura abin alfahari ne har gobe. Amma kowane zare a jikin rigar nan mace ce ta gurza audugar, ta shiɓe ta, ta kaɗa ta da mazari, dare bayan dare. Wani ɓangare na audugar da baban rinin kuwa bayi ne suka noma a rinji, kuma sai a 1936 doka ta kawo ƙarshen bauta gaba ɗaya a Arewa. Riga guda takan ci watanni, shi ya sa talaka ke da guda ɗaya ta Sallah, yara kuma bante. Ku je ku tambayi kakanninku mata a Garo ko Kutama, wace ce a cikinsu ke kewar dutsen niƙa da asuba? Wace ce ke kewar tulu a ka daga rafi, da kurkunun da ke kwantar da magidanci daidai lokacin noman farko? An tabbatar da Nijeriya ta rabu da kurkunu a 2013, agana kuwa duniya ta yi sallama da ita tun 1980. Mu mun ga fuskokin da agana ta zane, mun ga idanun da ta rufe. Mai lambu a bakin madatsar Guzuguzu da ke tayar da injin ban ruwa, ko ya kafa sola, yana shayar da abin da mai jigo ba zai shayar a kwana da kwanaki ba. Tafiyar Gwarzo zuwa Ƙofar Kabuga da mai jaki ke kwana a hanya, yau ana zuwa a yi ciniki a dawo kafin la'asar. Waɗannan ni'imomi ne, kuma raina su butulci ne ga Allah.

Duk da haka kukan tsofaffi yana da tushe, kuma tushen shi ne abin da nake so ya zauna muku. A da, wanda ya yi maka kaya maƙwabcinka ne. Sahu ɗaya kuke sallah. In gatarin da ya ƙera maka ya dare, da kai da gatarin za ku je ƙofar gidansa, kuma kafin magariba gari ya ji. Kunya da tsoron ɓacin suna su ke tsare aikin, ko da tsoron Allah ya yi rauni. Mai saye ma ya san aiki: tsohuwa za ta ƙwanƙwasa tukunya ta ji amonta ta ajiye, manomi zai shafa bakin lauje da babban yatsa ya gane. Ba wai babu maha'inta a da ba. An yi masu zuba yashi a buhun gyaɗa, an yi masu jiƙa auduga don ta yi nauyi, an yi marinan da rininsu ke zuba a wankin farko. Sai dai an san su da sunansu, kuma kasuwa na hukunta su. Yau wanda ya yi tocilar da ke hannunka yana wata ƙasa, ba ka san shi ba, bai san ka ba, ba inda za ka kai ƙara. Wani lokaci ma da gangan ake rage wa kaya kwana. A watan Disamba na 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki, ciki har da Osram na Jamus da Philips na Holan, suka ƙulla yarjejeniya a Janeba cewa kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, don a riƙa dawowa saye. Sun iya yin wanda ya fi haka daɗewa, suka zaɓi ƙin yi.

Mu ma muna da namu kason. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko Ƙofar Ruwa zai fito maka da kaya iri uku, ya gaya maka gaskiya wannan mai kyau ne, wannan matsakaici, wannan na rage zafi. Sai mu miƙa hannu ga na ukun, in ya lalace mu zagi zamani. Araha ba ta ado. Na san talauci na tilasta mutum, ba na zargin wanda aljihunsa bai kai ba. Ina magana ne da wanda zai je wurin mai buga bulo ya matsa masa sai ya rage kuɗi, alhali ya san ba inda za a rage sai a siminti. Buhu ɗaya a shimfiɗa shi a kan yashin da ya fi ƙarfinsa, a ƙi ba bulon ruwa na kwanakin da yake bukata, a ɗora gini. Siminti bai yi laifi ba. Da mai bugawa da mai saye sun haɗa baki sun cuci wanda zai kwana a ɗakin, kuma addininmu ya yi kashedi mai tsanani a kan algus.

Inda na fi jin ciwo shi ne koyon sana'a. Yaron maƙera a da yakan daɗe a kan zugazugi kafin a bari ya taɓa masaba, kuma a wannan zaman ne idonsa ke koyon launin wuta. Yau yaro zai yi 'yan watanni a garejin walda ko shagon kafinta, ya koyi kunna inji, ya ce a yaye shi, ya buɗe nasa. Ƙofar da ya haɗa za ta fara ɓallewa a maɗauri, jama'a su ce aikin yanzu ke nan. Iyaye kuma mu ne ke zuga shi, muna cewa sa'anninsa sun fara kawo kuɗi. Ku iyayen gida masu sana'a, ku ma ku ji. Da yawa daga cikin magabatanku sun riƙe sirrin aiki sai ɗan cikinsu, ɗan ya tafi birni, sirrin ya bi su kabari. Wasu kuma sun mai da yaran koyo 'yan aike, shekara ta zagayo ba a nuna musu komai ba. Yaron da aka yi wa haka in ya gudu ba a ga laifinsa ba.

Kada kuma wani ya ce muku gwaninta ta ƙare. Ku je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ku tsaya bayan yaron da ke ɗaga wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gero ba daga cikin waya ya dasa wani, hannunsa ko rawa ba ya yi. Ku dubi makanikin babur a tashar Gwarzo da ke jin ciwon inji daga ƙararsa tun mai shi bai faka ba. Jinin maƙeran nan ne, kayan aiki ne suka sauya.

Saboda haka in za ku sayi abu mai tsada, injin ban ruwa ne ko na niƙa ko keken ɗinki, kafin ku tambayi kuɗinsa ku tambaya ko ana samun kayan gyaransa a Kano, kuma ko akwai mai gyara shi a Gwarzo ko Kabo. In za ku sayi bulo, ku ɗaga guda ɗaya ku sake shi a ƙasa a gaban mai shi, ku murza gefensa da yatsa ku ga ko yana zubar da yashi. In kuna da maƙeri ko kafinta ko tela mai amana, ku biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, ku kuma koma masa da aikin in ya samu matsala, don ya san ana lura. Wanda zai yi gini a ƙauye, kada ya ji kunyar ƙasa: ya yi harsashi da dutse da siminti don ruwa ya daina cin gindin bango, ya ɗora tubali mai kauri, ya fito da bakin rufi sosai ya kare katanga daga feshi. Tsofaffin maginan da suka san kwaɓin ƙasa da haɗin makuba har yanzu akwai sauransu a ƙauyukanmu, kuma yawancinsu za su yi murna a ce yau ga saurayi ya zo da sallama yana son a nuna masa.